Ɗanyen Ganye a Kan Dutsen Giwa

A Dajin Tsakuwa, can inda gulbi ya yi kwana ya nufi gabas, akwai wani tsohon gamji mai faɗin inuwa. A ƙarƙashinsa an jera duwatsu talatin da uku, kuma nan ce Majalisar Daji. Kowane jinsi na da dutsensa. Na giwa ƙato ne, na kurege bai fi ƙwan jimina ba, amma a wajen ƙuri'a darajarsu ɗaya. Sama da su duka, a kan wani falalen dutse, Mai Daji Zaki yake kishingiɗa. Shi ba ya ƙuri'a. Yana saurare, yana hamma, in an gama ya taka sawunsa a cikin laka, magana ta zama doka.

Da ganye ake ƙuri'ar. Wanda ya yarda ya ɗora ɗanyen ganye a kan dutsensa, wanda ya ƙi ya ɗora busasshe. Sai kuma wata tsohuwar ƙa'ida da kowa ke alfahari da ita: dutsen da aka tarar babu kowa a kansa, Akawun Majalisa zai ɗora masa ɗanye. Dalilin a fili yake. A zamanin kakanni, dabbar da ta ƙoshi, ruwa na kusa da ita, 'ya'yanta na lafiya, ba ta barin kiwo ta yi tafiyar yini guda don kawai ta zo ta ce ta yarda. Mai kuka ne ke tahowa. Don haka rashin zuwa shi ne babban yabo ga masu mulki, kuma shekarar da duwatsu suka fi zama fayau ita ake kira shekarar albarka.

A wannan lissafin, Dajin Tsakuwa bai taɓa ganin albarka irin ta shekaru ukun nan ba.

Damina uku ke nan da Mantau Dila, Kwamishinan Ciniki, Yawon Buɗe Ido da Zuba Jari, ya kawo Shirin Buɗe Daji. Shirin ya buɗe hanya ga mutanen ƙetaren gulbi, masu tafiya da ƙafa biyu, su shigo su saya, su yi kallo, su gina abin da suka ga dama. Doka ta ce bayan damina uku Majalisa za ta duba shirin, ko ta sabunta shi ko ta kashe shi. Aka kafa kwamitin dubawa, aka ba Kyallu Beguwa shugabancinsa. Mantau ne da kansa ya kawo sunanta, domin ya san beguwa barci take yi da rana, kuma a ganinsa babu kwamitin da ya fi wanda shugabarsa ke barci sa'ad da ake aiki.

Kyallu ba ta yi barcin ba. Wata guda tana yawo ido jawur, tana sansanar ƙasa. Kuma tana da dalilin da ya wuce na kowa. A cikin takardar sabuntawa akwai abin da ake kira Zango na Biyu, wanda zai ba baƙi Tudun Kanya su gina masauki. A Tudun Kanya ramukan beguwa arba'in suke. A mafi zurfinsu mahaifiyarta take, tsohuwa, makauniya, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa kwana a wani rami ba.

Ranar zaman, Kyallu ta iso gindin gamji da sassafe, ta tarar da Cindo Kunkuru, Akawun Majalisa, yana jan tulin ɗanyen ganye da baki.

"Baba Cindo, ina kwana? Wannan ganye haka, miya za ka kaɗa?"

Tsohon ya ajiye, ya yi numfashi. "Lafiya lau, 'yar nan. Sha huɗu ne. Bara tara na tsinko. Shekarar da na kama aikin nan, biyu ne, kuma ɗayan ma mai shi ya iso a makare, ya ture ganyen da hanci."

"Tsinko masu kyau," in ji Kyallu. "Yau ni za su yi wa aiki."

Cindo ya dube ta. "Allah ya sa," ya ce, ya ci gaba da jan kayansa.

Da hantsi ya ɗaga, Shekarau Gauraka, Kakakin Majalisa, ya hau tushen gamji, ya gyara tukkun kansa, ya yi kuka sau uku. 'Yan majalisa sha tara suka zauna. Kyallu ta bi sauran duwatsun da ido: na giwa, na gwanki, na jimina, na bauna, na barewa, na kada, har zuwa na aku a can ƙarshe. A kan na gwanki ma gansakuka ta fara fitowa.

Aka ba Mantau dama. Ya fito tsakiya, wuyansa da wani jan ƙyalle da baƙi suka ba shi, ya rusuna wa Zaki har haɓarsa ta taɓa ƙasa.

"Ranka ya daɗe, Mai Daji. Mai girma Kakaki. 'Yan uwana masu daraja. Shekara uku da suka wuce, wa ya san mu? Muna cikin duhun daji, mu ci mu kwanta, duniya ba ta san ko ƙaho gare mu ko jela ba. Yau fa? A fannin ciniki, zumarmu da kaɗanyarmu sun ƙetare gulbi, gishiri ya shigo. Babu mai tafiyar kwana uku don ya lasa kanwa. A fannin yawon buɗe ido, babu safiyar da mota ba ta shigowa, cike da mutanen da suka baro ƙasashensu don kawai su ga fuskokinmu. A fannin zuba jari, abokan hulɗarmu sun gina mana kwamin ruwa na siminti, sun kewaye shi da waya don tsaron lafiyarmu, sun yi masa ƙofa ɗaya don tsari. Abin da ya fi faranta mini rai kuwa, jinsi goma sha huɗu daga cikinmu an gayyace su baje koli a manyan birane, suna can suna ɗaga sunan dajin nan. Ku dubi duwatsunsu. Ko ɗaya bai dawo da ƙorafi ba."

"Kai Mantau!" Jatau Gyado ne ya yi magana daga dutsensa, ko tashi bai yi ba. "Duk zuriyar giwa ce ta tafi baje kolin? Har masu ciki? Har tsohuwar nan mai ɗingishi?"

"Wakilin gyado, ba a ba ka dama ba," in ji Gauraka.

"Ƙyale shi, mai girma Kakaki," in ji Mantau yana murmushi. "Shekara uku baƙi na ɗaukar hoto, ba a taɓa samun wanda ya juyo da na'urarsa wajen fuskar Jatau ba. Dole abin ya yi ciwo."

Kura ta fashe da dariya har da birgima. Biri ya tafa. Jatau ya ce, "Wannan fuskar ce ta sa har yau nake nan, ɗan nema."

Gauraka ya yi kuka, aka yi shiru, ya kira shugabar kwamiti.

Kyallu ta sauko. Hasken rana na damun idonta.

"Ranka ya daɗe, Mai Daji. Mai girma Kakaki. Mu biyar muka fara aikin kwamitin nan. Yau saura ni da Jatau. Gada da zabo da damo an gayyace su baje koli ana tsakiyar aiki.

"Na je fadamar giwaye. Ciyawa ta rufe hanyarsu, kashin da na tarar ya zama gari. Na je tsohon tafkinmu, na tarar an cike shi da ƙasa, don kada kowa ya sha ruwa a wani wuri sai a kwamin siminti mai ƙofa ɗaya. Na laɓe a bakin gulbi ranar da ake lodin zuma. A ƙarƙashin tulunan zumar akwai akwatuna, kuma abin da ke cikin akwatunan yana numfashi. An gaya wa Majalisar nan cewa ƙahonin da ake fitarwa na waɗanda suka mutu da kansu ne, tsinto su ake yi a daji. Na sansana su. Jinin bai bushe ba."

Kurege ya sunkuyar da kai.

"Sannan na tsinci wannan. Daga motar baƙin ta faɗo."

Ta jawo wata takarda mai sheƙi, ta shimfiɗa a ƙasa. Hotunan dabbobin dajin ne a jere, kowa da nasa. Goma sha huɗu an ja musu jan layi. An zagaye hoton beguwa. A can ƙasa kuma, hoton da ya fi kowanne girma, na Zaki ne, an zagaye shi sau biyu.

"A kawo nan," in ji Zaki. Wannan ce maganarsa ta farko tun safe.

Biri ya kai masa. Mai Daji ya ƙura wa takardar ido. Kyallu ta san idan ya yi gurnani sau ɗaya, an gama.

"Mantau," in ji Zaki. "Haka gashin wuyana yake?"

"Ya fi haka, ranka ya daɗe. Na'urar ce ta gaza. Ka ga kuma sau biyu suka zagaye ka. A al'adarsu, iyakar girmamawa ke nan."

"A kai mini ita gida," in ji Zaki, ya mayar da kansa kan hannuwansa.

Saura wa Kyallu abu ɗaya, wanda ta kwana bakwai tana juya shi a ranta. Ta san ba za ta iya kayar da duwatsu sha huɗu ba. To amma idan ita ce ta kawo ƙuduri, ai ɗanyen ganyen nasu nata zai zama.

"Mai girma Kakaki, kafin a yi ƙuri'a kan shirin, ina gabatar da ƙuduri: daga yau, dutsen da babu kowa a kansa a bar shi babu ganye."

"Na goyi baya!" in ji Jatau da ƙarfi, ya buga ƙafa. Ya gane dabarar, har haurensa na rawa don murna. Murmushin Mantau ya ɗauke. A karo na farko ya waiwaya ya dubi tulin ganyen da ke gaban Cindo da wani irin ido.

Gauraka bai yi gaggawa ba. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya karkata kai, ya tsefe gashin fiffikensa.

"Ƙuduri ya shiga," ya ce. "Sai dai Majalisa ta sani, tsara tambaya aikin Kakaki ne. Kuma ɗanyen ganyen wanda bai zo ba, ma'anarsa ya gamsu da yadda abubuwa suke. Ba zan sa wa 'yan uwanmu da ke nesa maganar da ba su faɗa ba. Don haka tambayar ita ce: shin Majalisa ta yarda a ci gaba da ƙa'idar kakanni yadda take?"

"Wannan ai fashi ne da rana tsaka!" in ji Jatau.

"Tsari ne, wakilin gyado. A ɗora ganye."

Aka ɗora. Busassu goma sha uku. Ɗanyu shida: na dila, na kura, na ungulu, na damisa, na biri, da na Gauraka kansa. Sai kowa ya juya ya dubi Cindo.

Tsohon ya riga ya ɗora busasshe a kan nasa dutsen. Yanzu ya ɗauki ɗanye a baki, ya kama hanya. Tafiyar kunkuru ce, kuma babu mai ikon taya shi, don doka ta ce Akawu kaɗai. Ya kai na barewa ya dawo. Ya kai na jimina ya dawo. Majalisa na zaune tana kallo, ba a jin komai sai jan cikinsa a kan busasshiyar ƙasa. Da ya zo dutsen giwa, tsayin ya fi ƙarfinsa. Ya miƙe wuya, ganyen ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. A karo na uku ya zauna.

"Ɗanyu ashirin, busassu goma sha uku," in ji Gauraka. "Ƙa'ida ta tsaya. Tambaya ta biyu: shin Majalisa ta yarda a sabunta Shirin Buɗe Daji, tare da Zango na Biyu? Don sauƙaƙa wa Akawu, ganyen da ke kan duwatsun 'yan uwanmu na nesa ba sai an sauya ba."

Ɗanyu ashirin, busassu goma sha uku. Zaki ya sauko, ya taka laka, ya tafi cin abinci.

Jatau ya bi masu busasshen ganye ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Mu sha uku ne fa! Mu je mu tumɓuke wayar nan yau ɗin nan!" Tunku ya ce yana da baƙi a gida. Bushiya ta ce sai ta yi shawara da mijinta. Kurege kuwa har ya isa wajen Mantau yana tambaya ko rabon gishirin wannan watan ya iso. Kafin azahar gindin gamji ya watse, saura Kyallu da Cindo.

"Kwashe 'yan uwanki ki tafi," in ji tsohon. "Ku haura duwatsun arewa, mota ba ta hawa can."

"In na tafi, baɗi ka ɗora mini ɗanye."

"Dole ne, 'yar nan. Dutse in babu kowa, sai ganye."

"In babu dutsen fa?"

Cindo ya juya mata baya, ya mai da kansa cikin ƙwarya, kamar mai barci.

Kyallu ta shiga haƙa. Haƙa dai ita ce sana'ar gidansu. Ta rarake ƙarƙashin dutsen beguwa ta gabas, ta rarake ta yamma, har farcenta ya tsage. Wajen la'asar dutsen ya yi wata 'yar ƙara, ya nutse. Ta mayar da ƙasa, ta daddale, ta watsa busasshen ganye a kai.

Washegari beguwa suka bar Tudun Kanya, manya da yara, a layi ɗaya. Tsohuwar ce kaɗai ta ƙi.

"Inna, ki taso, zan goya ki in ta kama."

"Goya ni a kan ƙaya? Ke dai tun kina ƙarama ba kya tunani." Ta lallaɓa fuskar 'yarta da hanci. "Ban san ƙamshin wata ƙasa ba, Kyallu, kuma ba yanzu zan koya ba. Zan shiga can ciki. Ki toshe bakin da kyau, kada su shigo mini da hayaniya."

Kyallu ta toshe. Da hannun da ta binne dutsen ta yi shi.

Damina ta zo ta wuce. A duwatsun arewa abinci kaɗan ne, amma babu mota. Da lokacin zaman Majalisa ya zagayo, Kyallu ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta sauko ita kaɗai, tana bin kwazazzabai. A Tudun Kanya ta tarar da dogon gini mai farin fenti, an dasa furanni daidai inda bakin ramin yake. Ba ta tsaya ba. Ta wuce wajen Majalisa, ta shige cikin wani tsohon suri, ta leƙa ta kafa.

An sare gamjin. Yana tare wa baƙi kallo, don haka aka yi da katakonsa wani dandamali, inda yanzu suke zaune da manyan huluna da na'urorinsu. Tsofaffin duwatsun ma babu su. An zuba sababbi na siminti, kyautar masu zuba jari, girmansu ɗaya, an kafe su a kan daɓe yadda babu mai iya haƙa ƙarƙashinsu. Kyallu ta ƙirga. Talatin da uku. Har da hoton kowa a jikin nasa, don kada Akawu ya yi kuskure.

'Yan majalisa biyar ne suka zo: Gauraka, Mantau, Kura, Ungulu da Cindo. Damisa da Biri, da suka ba da ɗanye bara, su ma an gayyace su. A kan dutsen Jatau wani ƙadangare ne ke shan hantsi. Falalen Mai Daji babu kowa. Mantau ya sanar cewa Zaki na can yana ziyarar aiki a ƙasashen waje, kuma jama'a na yin layi tun safe don su gan shi.

Aka yi tambaya, aka ɗora ganye. Cindo ya yi sawu ashirin da takwas a cikin rana. Kyallu na kallo ya ɗora ɗanye a kan hoton beguwa.

"Ɗanyu talatin da biyu, busasshe ɗaya," in ji Gauraka. "Majalisa ba ta taɓa samun haɗin kai irin na bana ba."

Mantau ya ɗauko wani sawun zaki na katako, ya danna a laka. Baƙi suka tafa. Sannan ya dubi busasshen ganye ɗaya tilo da ke kan dutsen kunkuru, ya ce cikin fara'a, "Af, Baba Cindo, na manta. Abokanmu sun yaba ƙwaryar bayanka ƙwarai. Sun ce lallai baɗi da kai za a yi baje koli. Motar ma tana nan."

Aka tashi. Cindo ya nufi inda motar take, amma ya biyo ta gefen surin, ya tsaya kamar mai hutawa.

"Kada ki fito, 'yar nan. Tun ɗazu na ji ƙamshinki."

"Baba, an sa mini ganye."

"Ni na sa. Na gaya miki dole ne." Ya numfasa. "Ina su yaran?"

"Suna lafiya. Baba, shigo nan, akwai hanya ta ƙasa."

"Da wannan tafiyar tawa? Kafin in juya sun ɗauke mu mu biyu." Ya ɗaga kai ya dubi sama, inda inuwar gamji take a da. "Ki dai dakata zuwa azahar kafin ki tafi. Akwai abin da nake so wani ya gani."

Ya ci gaba da jan ciki. Wani mai babbar hula ya sunkuya ya ɗauke shi da hannu biyu, aka rufe ƙofa, motar ta tashi.

Kyallu ta dakata. Rana ta take tsaka, simintin ya ɗau zafi. A zamanin gamji, ganyen ƙuri'a kan kai magariba da ɗanyensa. Yanzu kuwa tana kallo na kan dutsen giwa ya fara yaushi, bakinsa ya nannaɗe. Na gwanki ya bi, na jimina, na Jatau, nata. Kafin azahar ta gota, duwatsu talatin da uku na jere a fili, kowanne da busasshen ganye a kansa, har na dila da na Kakaki.

Babu kowa a wurin sai ita. Ƙirga kuwa tun da hantsi aka gama.